'Yata ta koma karatun littattafan ban tsoro: in ƙone su ne?

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a Zariya. Damuwata a kan babbar 'yata ce, shekarunta 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Tun tana ƙarama matsoraciya ce, ko bayi ba ta iya zuwa da dare sai an raka ta. Bara da damina ɓarayi suka haura mana gida, mahaifinsu ba ya gari. Ba su taɓa kowa ba, alhamdulillahi, wayoyi da janareta suka kwasa suka tafi. Amma ita ta ga komai ta tagar ɗakinsu. Tun daga ranar ba ta barci sai da fitila.

Wata uku da suka wuce na lura tana aro littattafan Turanci wajen wata ƙawarta. Na ga bangon ɗaya, yarinya ce riƙe da kyandir a bakin wani tsohon gida, ga maƙabarta a gefe. Na sa ƙanena ya duba, ya ce labaran ban tsoro ne da ake rubuta wa matasa, na fatalwa da tsofaffin gidaje. Na ƙwace guda uku na kulle. Ta yi ta kuka, ta ce, "Mama, yarinyar cikin littafin ma tsoro take ji, amma tana shiga ɗakin." Surukata ta ce a ƙone su, irin wannan karatun ne ke jawo wa yara aljanu, a kai ta ruƙiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da ta fara karatun nan take fita bayi ita kaɗai da tocila. Sai dai takan kai ƙarfe ɗaya na dare tana karatu, malamarsu ta ce tana gyangyaɗi a aji. Na kuma tsinci wani littafin rubutu da take rubuta nata labarin a ciki. Anti, in ƙone su ne ko in mayar mata?

Wata uwa daga Zariya

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara tsare ku, ya mayar muku da alheri, ya sa wannan dare shi ne na ƙarshe irinsa a gidanku.

Kada ki ƙone su. Tun farko ma littattafan aro ne, kayan 'yar wani ne, ba ki da ikon cinna musu wuta. Amma ko da da kuɗinki kika saye su, shawarata ba za ta canja ba, kuma dalilin yana cikin wasiƙarki. Ki sake duba yadda kika jero abubuwan. Yarinya matsoraciya tun ƙuruciya. Ɓarayi suka shigo, tsoron ya ninka. Watanni suka shuɗe tana kwana da fitila. Daga baya ne littattafan suka zo, kuma bayan zuwansu ta ɗauki tocila ta fita tsakar gida ita kaɗai. Tsoron ya riga littattafan shiga gidanki da shekaru. Abin da ya biyo bayansu shi ne fita bayi ba rakiya, da kuma ƙarancin barci. Na farko ci gaba ne da ya kamata ki riƙe hannu bibbiyu. Na biyu matsala ce ta gaske, amma maganinta agogo ne, ba ashana ba.

Bari in gaya miki abin da take karantawa, domin rashin sani ya fi dare duhu. Bangon da kika kwatanta, da tsohon gida da kyandir da maƙabarta, alama ce ta wani reshe na adabin Turanci da ake kira gotik. Sunan ya samo asali daga salon ginin manyan majami'u da gidajen sarautar Turai na da, masu dogayen hasumiyoyi da ƙofofi masu tsini a sama da lunguna masu duhu. Wani Baturen Ingila, Horace Walpole, shi ya buɗe ƙofar a 1764 da littafinsa The Castle of Otranto, kuma a bugu na biyu, a 1765, ya liƙa masa wannan suna. Daga nan marubuta suka ɗauka. Kayan haɗin ba su canja sosai ba har yau: gida tsoho mai ɗakuna da yawa, wani ɗaki da aka hana buɗewa, wani laifi ko sirri da iyaye ko kakanni suka binne, sai kuma matashi, galibi yarinya, da aka bari ita kaɗai babu babban da zai tsaya mata. Waɗanda ake rubuta wa 'yan shekara goma sha a yau a kan wannan tubalin suke, sai dai an sauƙaƙa Turancin, an rage tsawon, kuma jarumar sa'ar mai karatu ce. Mafi yawansu a wuri ɗaya suke ƙarewa: yarinyar ta daina gudu, ta juya, ta buɗe ƙofar, ta ga abin da ke ciki.

Akwai wani wuri a ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan nan da nake so ki ji, domin ya yi daidai da maganar da 'yarki ta faɗa miki tana kuka. A 1794 wata marubuciya, Ann Radcliffe, ta fitar da The Mysteries of Udolpho. Jarumar, Emily, marainiya ce da aka kai wani gidan sarauta a cikin duwatsun Italiya. A wani ɗaki ta tarar da abu rufe da baƙin mayafi. Ta daure ta ɗaga mayafin, ta yi kallo ɗaya, ta faɗi sumammiya. Marubuciyar ba ta gaya wa mai karatu abin da ta gani ba. Emily ta ɗauki wannan firgici tana yawo da shi, ba ta faɗa wa kowa ba, ta tabbatar a ranta gawar wadda aka kashe ta gani. Sai kusan ƙarshen littafin aka bayyana cewa mutum-mutumi ne na kakin zuma da aka sassaƙa a siffar gawa. Marubuciyar ta nuna cewa da ta iya sake dubawa sau ɗaya tak, da tsoron ya watse nan take. Wannan ita ce hanyar Radcliffe: ta tara abubuwan da suka yi kama da aikin fatalwa, a ƙarshe ta nuna kowanne yana da dalilinsa, ko dai mutum ne ke ɓoye a bayan bango, ko ido ne ya yi gizo. Ba duk marubutan ne suka bi ta ba, a wasu labaran fatalwar ta gaske ce a cikin duniyar labarin. Amma darasin sake dubawa ya zauna a jinin wannan adabi.

Yanzu ki tuna 'yarki a bakin taga daren nan. Ita ma kallo ɗaya ta yi. Ba ta da ikon tsayar da abin, ba ta da ikon yin ihu, ba ta san yadda zai ƙare ba. A littafi kuwa ragamar tana hannunta. In zuciyarta ta buga da yawa ta rufe shafin, ta sha ruwa, ta dubi ƙannenta suna barci, ta dawo. In ta ga dama ta leƙa shafin ƙarshe ta tabbatar yarinyar ta tsira. Tsoro ne wanda ita take auna wa kanta, cokali-cokali.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gane amfanin haka. Idan mutum ya hango haɗari, wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa mai suna amigdala ne ke kaɗa ƙararrawa. Jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya sauya, tafin hannu ya jiƙe. Rahama ce daga Allah, da ita muke tsira daga maciji da gobara. Sai dai bayan mummunan firgici ƙararrawar kan riƙa kaɗawa ba dalili, shi ya sa aka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kuma duk lokacin da ya gudu ya ji sauƙi, ƙwaƙwalwarsa na ƙara yarda cewa tsumman nan da gaske maciji ne. Gudu ke ciyar da tsoro. Abin da ke rage shi shi ne kusantar abin sannu-sannu, a wurin da mutum ke jin yana cikin aminci, har jiki ya koyi cewa bugun zuciyar zai tashi kuma zai sauka ba tare da komai ya faru ba. Tun a 1924 wata masaniya a Amurka, Mary Cover Jones, ta gwada haka da wani yaro da bai cika shekara 3 ba mai tsananin tsoron zomo. Takan ajiye zomon cikin keji can nesa yayin da yaron ke cin abin da yake so, kullum ta matso da shi kaɗan, har ranar da yaron ya kai hannu ya shafa shi. A kan wannan tushe likitoci ke maganin tsoro har gobe. Ban ce littafi likita ba ne. Na ce 'yarki, ba tare da kowa ya koya mata ba, ta laluɓo wa kanta wani abu mai kama da wannan hanya, kuma tocilar da take ɗauka shaida ce.

Amma akwai gwargwado, kamar gishiri a miya. A 2020 masu bincike a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak suka ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya, suka bar su suka shiga wani gidan wasa da aka shirya don tsoratarwa. Abin da suka gano shi ne mutane sun fi jin daɗi idan tsoron yana tsaka-tsaki. In ya yi kaɗan babu armashi, in ya wuce kima daɗin ya gushe, wahala ta rage. Ta ɗaya ɓangaren kuma, wani bincike da Kristen Harrison da Joanne Cantor suka wallafa a 1999 ya tambayi ɗaliban jami'a a Amurka game da fim ko shirin talabijin da ya taɓa firgita su. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce har lokacin abin bai sake su ba, kuma waɗanda suka gani suna ƙanana sun fi daɗewa da shi. Na kawo miki wannan ne don ki san damuwarki ba a banza take ba, kuma don ki lura da abu biyu. Fim daban, littafi daban: fim shi ke zaɓa wa yaro hoton da zai gani da ƙarar da za ta razana shi da saurin da abin zai zo, littafi kuwa ba ya zana wa mai karatu fiye da abin da tunaninsa ya iya ɗauka. Sannan abin da 'yar shekara 14 za ta iya ɗauka, ɗan shekara 7 ba zai iya ba. Ki yarda mata da littattafan, kada ki ɗauka kin yarda da finafinan yanka da jini a waya, kuma ki ja kunnenta kada ta riƙa ba ƙannenta labarin da dare.

Da na karanta maganar surukarki sai na tuna kakata, Allah ya jiƙanta. Bayan sallar isha'i mukan zagaye ta a kan tabarma, aci-balbal na ci a gefe, inuwarmu ta yi tsawo a jikin katanga. Akwai tatsuniyar da ta fi yi mana, ta yarinyar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba. Dodo ya ji, ya bi daji yana aron jiki, a nan ya ari ƙafa, a can ya ari hannu, a gaba ya ari fata sumul, ya zo a kyakkyawan saurayi aka ɗaura aure. Kan hanyar kai amarya ya riƙa tsayawa yana mayar wa kowa kayansa, ita kuwa tana biye tana kallon angonta na raguwa. Idan kakata ta zo nan takan rage murya har sai mun matso mun manne da gwiwarta. Ina tuna yadda nake naɗe ƙafafuna kada su fita daga tabarmar. Da ta ce ƙurunƙus, mu duka mu ce a ƙara wata. Ba wanda ya taɓa cewa tana kira mana aljanu. Kowa ya san tatsuniya ce, Dodo na cikinta, mu kuwa muna wajenta kusa da babba. Na tabbata surukarki ta ji irinta, wataƙila ma ta yi wa mijinki. Abin da 'yarki ke samu a littafi dangin wannan ne, sai dai da bambanci ɗaya da ya dame ni: ita ba ta da gwiwar da za ta manne wa. Ita kaɗai take karatun, ƙarfe ɗayan dare, a ɓoye. Wannan giɓin ne nake so ki cike.

Ki fito da littattafan daga inda kika kulle su, ki kira ta lokacin da babu kowa, ki miƙa mata. Ki ce kin ji maganar da ta faɗa ranar, kuma kina so ta ba ki labarin ɗaya daga ciki da Hausa. Ku zauna a tsakar gida kina tsince shinkafa tana ba ki. Ki tambaye ta me yarinyar take tsoro, wa ya taimake ta, a ina ne ita mai karatun ta fi jin faɗuwar gaba, me ta yi da ta ji hakan. Da wannan hira za ki san abin da ke cikin littafin ba tare da kin karanta shi ba, ita kuma za ta san cewa tsoro ba abin kunya ba ne a gabanki. In kika ƙone su ba za ta daina karantawa ba, waya za ta koma, ƙarƙashin bargo, inda ba ki da ido.

Kuma wayar ce ta fi cancantar sa ido. Littafin da aka buga wa matasa ya bi ta hannun edita, da yawa ma ana rubuta shekarun da suka dace a bayan bangon. Labaran da ake sakawa a manhajojin karatu da zaurukan WhatsApp babu mai tace su. Ko a cikin bugaggun ba duka ne zan ba 'yar shekara 14 ba. Akwai waɗanda tsoron fakewa ce kawai, cikinsu batsa ce, ko soyayya da ke ƙawata namiji mai azabtar da mace, ko bayanin yadda mutum ke cutar da kansa dalla-dalla, ko zubar da jini shafi bayan shafi ba don komai ba. Radcliffe ɗin nan da kanta ta bambanta tsoro iri biyu a wata maƙala da aka buga a 1826, bayan rasuwarta: akwai fargabar abin da ba a gani ba, wadda ke farkar da hankali ta sa mutum ya kasa kunne, akwai kuma ƙyamar abin da aka baje a gaban ido, wadda ke daskarar da mutum. Na farkon nake so ki bar mata. Tun da ƙanenki na karanta Turanci, ki ɗora masa wannan aiki: duk littafin da ya shigo gida ya bi ta hannunsa ya leƙa tsakiya da ƙarshe, ba bango kaɗai ba. Ki gaya mata wannan sharaɗi a fili, kada a yi shi a bayan idonta.

Batun barci kuwa babu sassauci. Likitocin barci sun ce daga shekara 13 zuwa 18 ana buƙatar awa 8 zuwa 10 kowane dare. Yarinyar da ke kwanciya ƙarfe ɗaya ta tashi asuba ba ta samun ko biyar cikakku, kuma rashin barci da kansa yana ƙara fargaba da saurin firgita, yana kuma jawo dannau. Ku yanke lokaci: karatun labari bayan la'asar ko tsakanin magariba da isha'i, ƙarfe tara littafi ya dawo ɗakinki ya kwana. Fitilar da take kwana da ita kada ki kashe mata da ƙarfi. Ki bari ita ta rage da kanta, yau a kusa da gado, wani mako a bakin ƙofa, wani mako a waje ƙofa a buɗe.

Surukarki kuma kada ki yi jayayya da ita. Son jikarta ne ya sa ta magana, kuma rabin abin da take so abu ne mai kyau. Ki roƙe ta ita ta ɗauki nauyin addu'ar kwanciya. Ya tabbata daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai kwanta yakan haɗa tafukansa ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ya tofa ya shafe jikinsa. Ga Ayatul Kursiyyu, ga ayoyi biyun ƙarshen Baƙara. Kaka ta zauna bakin gadon jikarta su karanta tare, wannan ya fi duk wata ruƙiyar da za a je nema a waje, kuma yarinyar za ta samu abin riƙewa a hannunta idan dare ya yi. Ki kuma tuna wa 'yarki, cikin hira, cewa a aƙidarmu wanda ya mutu ba ya dawowa yawo a gidaje, fatalwar littafi ƙirƙira ce kamar Dodo. In kakar ta nace a kan hukuncin karatun, ku je tare wajen malamin da ta yarda da iliminsa, ki kwatanta masa abin yadda yake. Abin da nake roƙonki da babbar murya shi ne kada a kai yarinyar inda za a danne ta ana ihu a kanta, ana turara mata hayaƙi, ana dukanta wai ana dukan aljani. Lokacin da nake koyarwa na ga wata ɗalibata da aka yi wa haka. Tsoron duhu kawai take yi kafin a kai ta. Ta dawo tana tsoron jikinta, domin an ce mata akwai wani abu a cikinta. Shekara guda ba ta ɗaga kai a aji ba. Yarinyar da ta ga ɓarayi da idonta ba ta buƙatar a ƙara mata wani maƙiyin da ba ta iya gani.

Akwai haɗari ɗaya na yawan irin wannan karatu da marubutan Ingila da kansu suka hango tun da wuri. A littafin Jane Austen, Northanger Abbey, da ya fito a ƙarshen 1817, wata 'yar shekara 17 da ta cika kanta da labaran gotik ta je baƙunci wani tsohon gida. Cikin dare ana hadari ta buɗe wata baƙar ma'ajiya ta samu takardu a naɗe, kyandirinta ya mutu, ta kwana tana rawar jiki. Da gari ya waye ta duba, lissafin kayan wanki ne. Daga baya har ta zargi mai gidan da kashe matarsa, ta ji kunya matuƙa da gaskiya ta fito. Idan kika ga 'yarki ta fara ganin makirci a kowane motsi, ko ba ta da zance sai na littattafan, to ki gauraya mata da wasu, na tarihi, na barkwanci, da na Hausa. Ba hanawa za ki yi ba, faɗaɗa mata za ki yi.

Littafin rubutun nan da kika tsinta shi ya fi faranta mini rai a duk wasiƙarki. Ki mayar da shi daidai inda kika same shi. In kin riga kin karanta, kada ki yi mata gori da abin da ke ciki, kada kuma ki ba wani ya karanta. A damanar 1816, shekarar da toka daga aman dutsen Tambora na Indunusiya ta ɓata yanayin Turai, wasu matasa sun maƙale a wani gida a bakin tafkin Janeba, a ƙasar Suwizalan, saboda ruwan sama, suka ce kowa ya rubuta labarin ban tsoro. A cikinsu akwai Mary Shelley, shekarunta 18. Mahaifiyarta ta rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwarta, ita kuma ta riga ta binne jaririyarta ta fari. Abin da ta fara a wannan gida shi ya zama Frankenstein, wanda aka buga a 1818 kuma har yau ake karanta shi a makarantu. Ban ce 'yarki za ta zama ita ba. Amma wanda ya ɗauki abin da ke cin ransa ya zuba a takarda, ya ba shi suna, ya yanke masa inda zai ƙare, ya daina zama wanda abin ke ja. Ki saya mata sabon littafin rubutu mai kauri da biro, ki ajiye mata ba tare da dogon bayani ba. In ta so nuna miki za ta kawo.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mafi nauyi. A wasiƙarki kin ce ta ga komai ta taga, amma ba ki ce wani ya zauna da ita ya tambaye ta me ta gani ba. Na san yadda ake yi a gidajenmu. Gari ya waye, maƙwabta suka zo jaje, aka yi lissafin abin da aka rasa, aka ƙara tsawon katanga, aka ce alhamdulillahi ba a taɓa kowa ba, aka rufe maganar don kada yara su tuna. Ita kuwa ba ta manta ba. Ki lura da ita: tana mafarkin daren nan yana maimaituwa? Tana zabura in an buga ƙofa ko ƙarfe ya faɗi? Tana ƙin kusantar tagar? Ta janye daga ƙawaye, ko cin abincinta ya ragu, ko ta taɓa cewa ta gaji da rayuwa? Idan akwai waɗannan kuma sun daɗe haka, littafi ba zai wadatar ba, ku ga likita. Kuna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma irin wannan firgici yana jin magani, musamman a yara. In maganar gajiya da rayuwa ta fito, kada ki jira mako.

Ko babu ɗaya daga cikin alamun nan, ki yi mata tambayar. Ba rana ɗaya da mayar da littattafan ba, ki bari kwana biyu su wuce. Ki zaɓi rana tsaka, kuna aiki tare, hannuwanku a cikin wani abu, domin yara sun fi magana idan ba a ƙura musu ido ba. Ki fara da kanki, ki ce, "Daren nan ni ma na ji tsoro ƙwarai, har yanzu nakan tuna. Ke me kika gani?" Sai ki yi shiru. Kada ki yi saurin cewa ya wuce, kada ki ce ta daina kuka. In ta ce ba komai, ki ce to, duk ranar da ta so kina nan. Ki sanar da mahaifinta abin da kuka yi, shi ma ya zagaya da ita ya nuna mata sakatar da aka ƙara da yadda ake kulle gidan yanzu, ya bar ta ta kulle da hannunta wani daren.

Ki sake rubuto mini bayan wata guda, ina so in ji yadda barcinta ya koma da kuma inda fitilar ta kai. Ki gaishe mini da ita, da Hajiya.